AMSOSHIN WASIƘUN MASU SAURARO: A RUSHE ZAUREN KAKA KO A GYARA SHI?

  

Wasiƙarmu ta farko a yau ta fito ne daga wani bawan Allah a ƙasar Argungu, wanda ya roƙi kada a faɗi sunansa saboda maganar ta cikin gida ce. Ga abin da yake cewa:

"Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni manomi ne, ina kuma taɓa sayar da shinkafa ranar kasuwa. Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar muna gida. A ƙofar gidan akwai zaure na ƙasa mai bakan gizo, wanda kakanmu ya gina shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ya zo Argungu. Nan ya karantar da almajirai, nan anka ɗaura auren iyayenmu. Yanzu rufin yana yoyo ta kusurwa ɗaya, bangon gabas kuma ya tsage. Ƙannena suna son a rushe shi a gina shaguna uku na bulo da kwano, tunda yana bakin hanya. Ni ban yarda ba, har ta kai mun bar cin tuwo tare. Ɗana da ke makaranta ya ce mani a Ingila gwamnati tana hana a rushe irin waɗannan ƙananan tsofaffin gidaje, har tana biyan kuɗin gyara. Shin gaskiya ne? Akwai irin wannan doka a Nijeriya, kuma idan na kai magana hukuma, ba za a ƙwace muna gida ba? Sannan in na shafe shi da siminti, zai tsaya?"

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kyautata namu zuwan. Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu ne a shekarar 1934, ziyarar da ake ɗauka ita ce mafarin bikin kamun kifi kamar yadda muka san shi. Ka ga ke nan zauren nan naku ya haura shekara 90 a tsaye. Bari mu ɗauki tambayoyinka ɗaya bayan ɗaya.

YADDA ABIN YAKE A INGILA

Ɗanka ya faɗi gaskiya ta wani gefe, ta wani gefen kuma akwai gyara. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, Turawan Ingila ma suna da gidajen ƙasa. A yankunan Devon da Dorset da ke kudu maso yammacin ƙasar, akwai dubban ƙananan gidaje na ƙauye waɗanda aka gina da ƙasa da aka kwaɓa da ruwa da ƙaiƙayi ko karan alkama, aka tattake ta, aka ɗora ta hawa-hawa, sannan aka yi musu jinka da ciyawa. Wasunsu sun shekara 300 ko 400, kuma har gobe mutane suna kwana a ciki. Maginansu sukan ce abu biyu ginin ƙasa yake bukata, wato hula da takalmi. Hular ita ce rufi mai kyau wanda ke jefa ruwa nesa da bango, takalmin kuwa shi ne harsashin dutse wanda ke hana damshi hawa daga ƙasa.

Alal misali, akwai wani ɗan ƙaramin gida na ƙasa da jinka a Dorset, wanda aka gina a 1800. A cikinsa aka haifi marubucin nan Thomas Hardy a 1840, kuma kakan mahaifinsa ne ya gina shi. Yau mutane suna biyan kuɗi su shiga su gani. Wata ƙungiya mai zaman kanta ce take kula da shi, ana kiranta National Trust, wadda aka kafa a 1895. Ginin farko da wannan ƙungiya ta saya, a 1896, wani tsohon gida ne mai jinka a ƙauyen Alfriston, wanda ya kusa faɗuwa, ta kuwa saye shi a kan fam 10 kacal.

Game da doka kuwa, bayan bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu sun rushe gine-gine masu yawa, sai gwamnatinsu ta yi dokoki a 1944 da 1947, aka shiga bin gari-gari ana rubuta gine-ginen da suka cancanci kariya a cikin rajista. Yanzu akwai fiye da 370,000 a rajistar, an kasa su aji uku, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 suna aji na ƙasa ne, inda akasarin gidajen talakawa suke. Kusan duk ginin da aka yi kafin 1700, in dai bai sauya kama ba, yana ciki.

To amma ka lura da wannan, Malam. Gida yana nan a hannun mai shi, yana iya zama a ciki, ya ba da haya, ko ya sayar. Abin da aka hana shi shi ne ya rushe ko ya sauya fasalinsa ba tare da izinin ƙaramar hukuma ba, kuma wanda ya yi gaban kansa ana iya cin sa tara, ko ma a ɗaure shi har shekara biyu. Kuɗin gyara kuwa, yawanci daga aljihun mai gida yake fitowa. Akwai ɗan tallafi da ake nema, amma ba kowa ke samu ba, musamman masu ƙananan gidaje. Saboda haka maganar cewa gwamnati ce ke biya, a rage mata gishiri.

MU FA A NAN GIDA?

Ba sai mun je Ingila ba, misali yana nan a ƙofar gidanka. Duk wanda ya ci kasuwar Argungu ya san Gidan Tarihi na Kanta. Bisa ga tarihin da aka rubuta na gidan, an kafa shi a 1831, kuma shi ne fadar Sarkin Kabi har zuwa 1942, lokacin da aka koma sabuwar fada. Da a ce an bar shi haka nan babu kowa, da tuni damina ta cinye shi. Sai aka ba shi sabon aiki, aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi ranar 1 ga Yuli, 1958. A ciki akwai masu da takubba da baka da kibau da bindigogin gargajiya da tambura, akwai kuma makwancin sarakuna. Lokacin da nake koyarwa na taɓa kai 'yan makaranta wurin, kuma abin da suka koya a yini ɗaya ya fi abin da na yi wata guda ina rubuta musu a allo. Gani ya kori ji.

Sai kuma ka dubi Surame, birnin da Muhammadu Kanta ya kafa a ƙarni na 16, wanda yanzu yake cikin Jihar Sakkwato. Wajen shekarar 1700 aka tashi daga can, hedikwatar Kabi ta koma Birnin Kebbi, inda ta zauna har 1805, lokacin da rundunar jihadi a ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci birnin. A Surame, ganuwar dutse ce ta rage, gidajen jama'a kuwa sun koma ƙasa. Gwamnati ta sa wurin cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964, a 2007 kuma aka sa shi a jerin wuraren da Nijeriya ke neman hukumar UNESCO ta amince da su. Darasin da ke tsakanin waɗannan wurare biyu a fili yake. Ginin ƙasa yana rayuwa ne muddin akwai mutum a cikinsa yana shara, yana duba rufi, yana yaɓe. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Doka kuwa muna da ita. Tun 1953 aka yi dokar kayan tarihi, sannan a 1979 aka yi doka mai lamba 77, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. Wannan hukuma tana iya neman a ayyana wani gini a matsayin wurin tarihi na ƙasa, kuma da zarar an yi haka, laifi ne a rushe shi ko a ɓata shi ko a sauya shi ba da izini ba. Gidan Makama na Kano da hasumiyar Gobarau ta Katsina suna cikin irin waɗannan. Sai dai bambancinmu da Ingila babba ne. Shekara da shekaru, wuraren da ke wannan jeri a duk faɗin Nijeriya ba su wuce 65 ba, kuma galibinsu ganuwa ce da fada da masallaci da makamantansu. Zauren manomi ba kasafai yake shiga ba.

Don haka ka kwantar da hankalinka, ba wanda zai zo ya ƙwace muku gida don kawai ka je ka yi tambaya. Kafin a ayyana wuri, doka ta ce sai an buga sanarwa, an kuma aika wa mai wurin, an ba shi damar faɗin albarkacin bakinsa. Hukumar tana da ofisoshi a jihohi da dama, har da Sakkwato, kana kuma iya farawa da mai unguwa da hakimi da ma'aikatan Gidan Tarihi na Kanta don neman shawara. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne, kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a kan kowace takarda sai an karanta maka ita, kuma sai da sanin sauran magada. Haka nan kada ka zauna jiran gwamnati ta zo ta gyara. A gaskiyar magana, kariyar zauren nan tana hannunku ne ku 'ya'yan gidan.

MAGANAR SIMINTI

Wannan ita ce tambayar da ta fi shafar yawancin masu saurarenmu, don haka a kasa kunne. Kafin mu san maganin ciwo, sai mu san yadda aka yi jikin.

Magabatanmu sukan haƙo jar ƙasa, su kwaɓa ta da ruwa da busasshiyar ciyawa, su tattake, su bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, sannan su mulmula tubali da hannu su shanya a rana. Idan an zo gini, ana jera tubalin ne kan yana sama, ana cika tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, gindin bango da kauri, yana hawa yana sirancewa. Rufi kuwa da azara ake yi, wadda ake faskarawa daga giginya, saboda gara ba ta cin ta da sauƙi. Azara ɗaya ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan faɗin ya wuce kamar ƙafa shida, shi ya sa gwanayen magina suka ƙirƙiro bakan gizo, wato a riƙa ɗaure azara a kan azara, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, daga bango biyu har su haɗu a tsakiya, a lulluɓe su da ƙasa. A kan wannan ake shimfiɗa sauran azara da zana, a zuba ƙasa, a daɓe. Daga nan sai laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, don ya hana ruwa ratsawa, sai kuma makuba ta ɓawon ɗorawa da ake shafe bango da ita. Indararo kuma aikinsa ya kwashe ruwan rufi ya jefa shi nesa.

Ka ga duk abin da na lissafa, ba wanda ke toshe ƙasa ruf. Bangon ƙasa yana shan ɗan damshi da damina, iska da rana su busar da shi. Kaurinsa kuma shi ke sa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a nan Kebbi, ka shiga zaure ka ji kamar an yayyafa maka ruwan randa, alhali mai shagon kwano yana ta fifita.

To siminti halinsa daban. Yana da tauri, ba ya miƙewa tare da ƙasa, ba ya kuma barin damshi ya fita. Shekarar farko za ka ga bango ya yi kyau, kowa na yaba maka. Daga nan sai ya yi 'yan tsage-tsage kamar gashi, ruwa ya shiga ta baya ya rasa hanyar fita, ƙasar ciki ta jiƙe ta yi laushi, gara kuma ta samu inuwar da za ta yi aikinta ba mai ganin ta. Idan ka ƙwanƙwasa sai ka ji yana amsawa kamar ganga. Wata rana cikin tsakiyar Agusta sai ɓawon ya zube gaba ɗaya, ya tafi da rabin bango. Turawan Devon ma sun sha wannan wahala, shi ya sa masanansu suke hana shafa siminti a ginin ƙasa, suna cewa a yi amfani da farar ƙasa ko ƙasar da aka yi ginin da ita. Amsar ke nan a taƙaice, Malam: kada ka shafe shi da siminti.

Ga abin da ya kamata ka yi. Na farko, ka nemo tsohon magini wanda ya san bakan gizo, ba mai ɗora bulo ba. In akwai Sarkin Magina a garinku, fara da shi. Na biyu, a hau rufi a duba indararo, domin sau da yawa yoyon kusurwa daga toshewar indararo ne, ko ya karye, ko ciyawa ta tsiro a bakinsa. A buɗe wurin da ke yoyo a ga azarar da ke ƙasa, wadda ta ruɓe a sauya ta, a mayar da ƙasa, a daɓe yadda ruwa zai gangara. Kada a yi ta labta sabuwar ƙasa a kan tsohuwa kowace shekara ba a rage ba, nauyi yana yi wa azara yawa. Na uku, a duba gindin bango. Idan an ɗaga hanya ko an yi kwalbati har ruwa yana kwantawa a jikin gini, a yi masa dakali mai gangara, a fitar da magudana, a kuma daina ɗaure dabbobi a wurin, domin fitsarinsu yana cin ƙasa. Na huɗu, bangon gabas da ka ambata, dama shi ne ya fi shan duka, tunda hadarinmu daga gabas yake tasowa. Shi yake bukatar yaɓe da makuba a kai a kai. Duk wannan aikin rani ne, a gama shi kafin ruwan farko. In kuwa ba hali sai an sa kwano a sama don kare rufin, to a bar masa baki mai tsawo yadda ruwansa ba zai zuba a gindin bango ba.

RAI YA FI GINI

Amma fa akwai magana mai nauyi da ba zan ɓoye maka ba. Tsagewar bango iri biyu ce, akwai ta fatar yaɓe, akwai kuma wadda ta ratsa jiki. Ga yadda za ka gane: ka samu 'yar kwaɓaɓɓiyar ƙasa ka liƙa a kan tsagar wuri biyu ko uku, ka bar ta ta bushe, ka riƙa dubawa har mako biyu ko uku. Idan liƙin ya rabe, to bangon yana motsi. Haka kuma idan ka ga bango ya karkata waje, ko bakan gizo ya tsage a tsakiya ko a inda ya fito daga bango, ko rufi ya yi ciki, ko ƙasa tana zubowa daga sama ba iska ba ruwa, to a ranar nan a fitar da kowa, kada yaro ko almajiri ya sake kwana a ciki sai magini ya tokare shi ya duba.

Ba mu manta da abin da ya faru a Zariya ba ranar 11 ga Agusta, 2023, lokacin da wani sashe na babban masallacin Juma'a ya rufta a kan masallata, aka yi asarar rayuka. Masallacin nan aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne, tun wajen shekarun 1830, kuma ba a yi ginin ƙasa da ya fi shi suna a ƙasar Hausa ba. An ba da labarin cewa kwana ɗaya kafin abin ya faru an ga tsagewa a bangon. Haka nan a Damagaram, tsohon masallacin unguwar Birni, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe a watan Satumba na 2024 bayan ruwan sama mai yawa. Mu ma nan mun ga abin da ambaliyar 2020 ta yi wa gonakin shinkafa da gidajen ƙasa a kwarin Rima. Saboda haka idan magini mai gaskiya ya duba ya ce ginin ya gama, to a haƙura. A ɗauki hotonsa ciki da waje, a auna shi, a rubuta tarihinsa, a cire ƙyaure da azara masu kyau a adana, sannan a sauke shi da hannu kafin ya sauka a kan mutane.

In kuwa ya ce yana gyaruwa, to kada wani ya ce maka ginin ƙasa kayan da ne. A garin Yama da ke jihar Tawa a Nijar, wani magini manomi, Falke Barmu, ya fara gina masallacin ƙasa a 1962 tare da mutanen garinsa, a 1986 kuma ginin ya ci kyautar Aga Khan, wadda take cikin manyan kyaututtukan gine-gine na duniya. A Jenne ta ƙasar Mali, kowace shekara gari ne ke fitowa kwansa da kwarkwatarsa a yaɓe babban masallaci a yi biki. Gayya ce irin tamu, ba wani abu ba.

TSAKANINKA DA ƘANNENKA

Yanzu sai tsagewar da ta fi ta bango, wato wadda ke tsakaninku. Malam, ka yi mani haƙuri in faɗa maka, ƙannenka ba maƙiyan kakanku ba ne. Suna da iyali, suna ganin kuɗin haya a bakin hanya, kuma gidan nan gado ne, kowane magaji, namiji da mace, yana da haƙƙinsa a ciki. Girman da Allah ya ba ka bai ba ka ikon hana su rabonsu ba, su ma kuma ba su da ikon kawo masu rushewa ba da yardarka ba.

Shawarata ita ce, ka tara su a cikin zauren nan, tare da 'yan'uwanku mata da wani baffa ko kawu da kowa ke jin nauyinsa, da malamin da ya san rabon gado. A kira magini ya faɗi kuɗin gyara a gaban kowa, a kuma lissafa kuɗin rushewa da na bulo da siminti da kwano da katako na shaguna uku, a ga shekara nawa haya za ta yi kafin ta mayar da su. Daga nan akwai hanyoyi. Ana iya yi wa gidan ƙima, zauren ya faɗo a rabonka, in ya fi rabonka ka cika musu da kuɗi ko da wani yanki na gona. Ana iya gina shago ɗaya ko biyu a gefe in akwai fili, a bar tazara yadda ruwan kwano ba zai taɓa bangon ƙasa ba. Ana kuma iya ba zauren aikin da zai riƙa kawo wani abu, ko tela ya zauna a ciki, ko a mayar da makarantar allo kamar yadda kakanku ya yi, ko ka riƙa auna shinkafarka a nan. Duk abin da aka yanke a rubuta, shaidu su sa hannu. In abin ya faskara, alƙali yana nan. Amma ka fara kai musu ƙwaryar tuwo kafin ka kai su kotu, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

WASIƘA TA BIYU

Akwai wata gajeruwar wasiƙa daga wata Hajiya mai sayar da ƙwarya da tabarmi a Birnin Kebbi, wadda ta yi daidai da zancenmu. Ta ce wani baƙo yana ta zarya gidansu yana son sayen tsohon ƙyauren ɗakin kakarta da wani takobi da suka gada, ya kuma sa kuɗi mai tsoka, shin ta sayar?

Hajiya, a yi hattara. Dokar nan ta 1979 ta ce kayan sana'ar hannu na gargajiya da aka yi kafin 1918 kayan tarihi ne, kuma ba a sayar da su sai ga wakilin da hukuma ta amince da shi, ba a kuma fita da su waje sai da takardar izini. Mai saye da mai sayarwa duka suna iya shiga hannu. Ki tambaye shi takardarsa, ki kuma sanar da mai unguwa. Sau da yawa da an ambaci takarda ba a sake ganin irin waɗannan baƙi. Sannan ki tuna, wanda ya yi tattaki har ƙofar ɗakinki yana roƙo, ya san abin ya fi kuɗin da ya sa. In adana su ne ya yi miki wuya, ki nemi shawarar ma'aikatan gidan tarihi, kuma duk abin da za ki ba da ajiya a ba ki shaida a rubuce.

To jama'a, a nan za mu dakata, agogo ya cim mana. Kafin mu rabu, ina roƙon duk mai tsohon soro ko zaure ko rumbu ya zagaya shi a makon nan, ya duba indararo da gindin bango tun hadari bai taso ba. Matasa kuma ku zauna da tsofaffin maginan garinku ku koyi ɗaurin azara da haɗin laso, sana'a ce da za ta ci da ku. Malam na Argungu, muna jiran wasiƙarka ta biyu mu ji yadda kuka ƙare da ƙannenka, Allah ya daidaita tsakaninku. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.